Yadda tsinkewar silifas a Mina ta kusa raba ni da ƙafata

Ranar Lahadi ce 16 ga Yuni 2024, ranar babbar sallah, mun kwana a Muzdalifa da asuba muka nufi wajen jifa. Duk wanda ya yi aikin hajjin wannan shekarar ya san irin zafin da aka sha, a Makka sai da ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8, kuma hukumomin Saudiyya da bakinsu suka ce mutum sama da 1,300 ne suka rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Ni dai Allah ya tsare ni daga bugun rana, nawa ta ƙasa ya biyo.

Mun gama jifa muna hanyar komawa tanti sai wani bawan Allah ya taka min silifas ta baya, ba da gangan ba wallahi turmutsutsu ne, hancin silifas ɗin ya tsinke, kuma a wannan cinkoson ba mai tsayawa ya sunkuya wai zai gyara takalmi dan sunkuyawar ma kanta haɗari ce. Haka na ci gaba ƙafar dama ba komai a kan kwalta. Abin da ke ruɗin mutane shine farin dutsen da aka shimfiɗa a filin ɗawafi, ko da tsakar rana ka taka za ka ji shi da sanyi, sai ka ɗauka ko'ina haka yake. Kwaltar Mina ba haka take ba. Na yi tafiya mai ɗan nisa kafin na samu mai saida silifas a gefen hanya, kuma abin da ya ban mamaki banji wani zafi sosai ba, har ina cewa a raina ai ƙafar tawa ta saba da wahala. Sai daga baya na gane rashin jin zafin nan shine babbar alamar da ya kamata ta tsorata ni.

Da na isa tanti na duba sai ga bororo guda biyu, ɗaya a ƙarƙashin babban yatsa ɗaya kusa da diddige inda dama nake da faso. Toh me na yi? Na cire fil ɗin da na maƙale haramina da shi na fasa su duka biyun, ruwa ya fita, na ja fatar na cire, na ɗaura tsumma. Ko wanke fil ɗin banyi ba. Daga nan kuma sai banɗaki, layi, ruwa kwance a ƙasa, alwala sau biyar, ƙafa ba ta taɓa bushewa ba, kuma ba laifin kowa bane mutum sama da miliyan 1.8 a wuri ɗaya dole ƙasa ta jiƙe. Litinin na koma jifa a ƙafa, Talata na koma, daren Talatar muka shiga Makka na yi ɗawafi da sa'ayi, sa'ayin nan kaɗai tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya haura kilomita uku. Duk a kan ciwon.

Ranar Laraba ƙafar ta fara nauyi. Alhamis da safe silifas ya ƙi shiga. Wani dattijo ɗan ɗakinmu, mutumin kirki ne da zuciya ɗaya ya yi, ya buɗe jakarsa ya ɗauko kafson Ampiclox ya ce "Alhaji ga wannan, ka sha biyu ka fasa ɗaya ka barbaɗa a kan ciwon, gobe war haka ka manta." Na karɓa na yi yadda ya ce. Kati ɗaya ne dama, ina sha in na tuna, wani lokacin safe wani lokacin dare, ina haɗawa da farasitamol.

Bari in faɗi gaskiyar abin da ya hana ni zuwa asibiti dan na san ba ni kaɗai bane. Tsoro nake kar a rubuta sunana cikin marasa lafiya a kwantar da ni jirginmu ya tashi ya bar ni. An fara maganar awon jaka, kowa na ɗaure tsaraba, iyali na ta waya yaushe za ku taso, sai na ga kaman in na daure na isa gida komai zai zo da sauƙi. Har ɓoye ƙafar nake da bargo in mutane suka shigo.

Daren Juma'a ne asiri ya tonu. Sanyi ya rufe ni, haƙora na haɗuwa, ga AC a kashe amma ina rawar ɗari, sannan na ji wani abu ya ɗaure min a matsematsi, na taɓa na ji kaluluwa ta fito. Akwai wani matashi a ɗakin malamin makaranta ne, tunda muka taso yake ce min Baba, ya yaye bargon ya haska da fitilar waya ya ce "Baba wannan ba ciwon da za a kwana da shi bane, dan Allah ka tashi mu tafi, in ma jirgi ne ni zan tsaya da kai." Shi ya riƙe ni har ɗakin shan magani na alhazan Najeriya.

Likitar da muka samu ba ta ɓata lokaci ba. Yaushe ya fara, me ya jawo, me ka sha, guda nawa. Ta sa bayan hannunta a ƙafar hagu sannan ta sa a ta dama, ta ce in taɓa da kaina, wallahi bambancin kaman ka taɓa randa ka taɓa tukunyar da aka sauke. Ta ce min a littafi ana cewa wurin zai yi ja, amma a fatarmu jan ba ya fitowa sosai, abin da ake dubawa shine zafi, kumburi, sheƙi da duhun da fatar ke yi, shiyasa namu ke daɗewa ba a gane ba. Sai ta ɗauki biro ta zagaye iyakar kumburin a jikin ƙafata, a lokacin ya wuce idon sawu ya hau ƙwauri, ta rubuta ƙarfe nawa a gefe. Ta ce kar in wanke layin, da shi za a san ko ciwon na gaba ko yana baya. Abu ne mai sauƙi amma duk kwanakin da suka biyo baya idona na kan wannan layin.

Sunan abin wai selulaitis, wato ƙwayoyin bakteriya sun samu ƙofa ta ciwon sun shige ƙarƙashin fata suna yaɗuwa. Ta ce galibi iri biyu ne ke yin wannan aikin, Sitireptokokas da Sitafilokokas, kuma ba wasu baƙi bane daga nesa, shi na biyun ma kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da shi a hanci ko a fata lafiya lau ba ya masa komai, sai ran da fata ta tsage. Cizon sauro da aka sosa ya isa, faso ya isa, rezar aski ta isa, gogar cinya da maza ke fama da ita cikin harami ma ta isa.

Sannan ta soki yatsana ta ɗiga jini a na'urar awon suga. 312. Ta ɗago ta kalle ni, "Alhaji kana da suga?" Na ce a'a ban taɓa ba. "Kana tashi fitsari da dare? Ƙishirwa fa?" Na ce eh amma ai zafi ne. Ta ce tun kafin ka taso fa? Na yi shiru, dan gaskiya an fi shekara ina tashi sau uku sau huɗu. Ta ce shine dalilin da ka taka wuta ba ka ji ba, suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, kuma yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙwayar cuta. Aka min allurar tetanus, ta rubuta takarda ta ce wannan ya fi ƙarfin ƙwaya sai ta jijiya, babban asibiti za a kai ni yanzu.

A asibitin katin Nusuk ɗina, wato katin shaidar alhazai, da abin hannu kawai suka duba. Larabcina bai wuce na sallah da ciniki ba amma Allah ya haɗa ni da wani ma'aikaci haifaffen Makka mai jin Hausa, shi ya yi ta min tafinta. Aka sa kanula, wato robar da ake sawa a jijiya dan ƙarin ruwa, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙafar a ga ko ya taɓa ƙashi, alhamdulillahi bai taɓa ba, aka yanke mataccen naman da ke bakin ciwon aka wanke har da garin kafson da ya daskare a ciki, ma'aikaciyar jinyar tana ta girgiza kai. Allurar kashe ƙwayar cuta ta cikin ruwa, insulin, sannan aka ɗora ƙafar a kan filo biyu aka ce ta fi ƙirjina tudu kuma kar in sauke sai zan shiga banɗaki.

Washegari na duba na ga kumburin ya ɗan tsallake layin biron. Hankalina ya tashi matuƙa, na fara tunanin mutanen da na sani a gida da aka yanke wa ƙafa saboda suga, na kira matashin nan malamin makaranta na ce ya kira min likita. Likitan ya ce a kwana ɗaya zuwa biyun farko hakan na faruwa ko da magani na aiki, abin da suke tsoro daban ne: zafin da ya wuce misali wanda bai yi daidai da abin da ido ke gani ba, fata ta yi baƙi ko ta yi bororo mai jini, kumburi na gudu cikin awanni, ko mutum ya fara ruɗewa. Wannan shine mai cin nama kuma tiyata ake shiga a take. Ya sake zana sabon layi. Kwana na uku zazzaɓi ya sauka, fatar ta fara yamutsewa kaman ta tsoho, ashe alamar sauƙi ce. Kwana huɗu na yi aka sallame ni da ƙwayoyi na sati ɗaya da maganin suga da takardar bayanin duk abin da aka min, kuma ko riyal ɗaya ba a karɓa ba.

Jirgin da nake ta tsoro kuwa bai ma tashi ba sai bayan kwana tara. Ɗawafin bankwana a keken marasa lafiya aka tura ni, abin ya min ciwo a rai har na yi hawaye, sai da malamin tawagarmu ya zaunar da ni ya ce Alhaji ɗawafinka ya yi, lalura ce.

Na ɗauka magana ta ƙare. Daga Jidda zuwa Kano awa huɗu da wani abu ne amma zaman filin jirgi ya fi tafiyar tsawo, ƙafa a ƙasa tun safe, da muka sauka ta sake kumbura. Ga 'yan sannu da zuwa, kwana uku ina zaune a zaure ana shigowa ana fita, ba ka ce wa mutanen da suka taso dan kai bari in je in kwanta in ɗaga ƙafa. Maganin ya ƙare, ƙwaurin ya saɓe, amma wuri ɗaya a gefen ƙafar ya ƙi, ya yi tauri kaman dutse sannan ya fara laushi a tsakiya yana zugi da dare kaman ana buga ganga a ciki. Wani ɗan uwa ya ce a kira wanzami ya yi sakiya. Ina girmama wanzamai, su suka mana kaciya su suka cire mana belu, amma na tuna 312 ɗin nan na ce a'a asibiti zan koma.

Abu na farko da na yi da na shiga wajen likita shine na miƙa masa takardar Makka na ce daga tafiya na dawo kuma an kwantar da ni a can. Ya ce na kyauta da na faɗa, dan wanda ya dawo daga tafiya, ya shiga taro, ya kwanta a asibiti kuma ya sha magani kala-kala, ba a masa lissafi irin na wanda bai je ko'ina ba. Saboda sharaɓar ta kumbura bayan zaman jirgi sai da ya tura ni sikanin a tabbatar ba jini ne ya daskare a jijiya ba, ba shi bane. Sannan ya danna wurin ya ce mugunya ta taru, kuma duk maganin duniya in ka sha ba ya shiga cikin aljihun mugunya yadda ya kamata, sai an buɗe an fitar.

An yi allurar kashe zafi amma ya gaya min tun kafin ya fara cewa a inda mugunya take ba ta kamawa sosai, kuma gaskiya ya faɗa. Na ji a jikina. Abin da ya fito ya ban tsoro. Kafin ya wanke ya sa wani tsinke mai auduga ya dangwalo daga can ciki ya sa a kwalba ya ce a kai lab a shuka a ga wace ƙwaya ce da kuma maganin da ke kashe ta, kwana uku ake jira. Ya cusa bandeji a ramin ya ce ba za a ɗinke ba, daga ciki zai ciko, kullum in zo wankin ciwo da ruwan gishirin asibiti.

Ran da sakamako ya fito na ga an rubuta MRSA, ƙasa kuma jerin sunayen magunguna kowanne da harafi a gabansa, wasu R wasu S. Ya ce R na nufin ƙwayar ta fi ƙarfin wannan maganin, S na nufin yana kashe ta. MRSA ɗin Sitafilokokas ne dai amma wanda ya gagari magungunan dangin fenisilin da aka saba ba mutane, tun 1961 aka fara ganinsa a Ingila kuma yanzu ba ƙasar da babu shi. Kenan kafson da na yi ta sha a Makka ko kwali guda na shanye ba abin da zai yi wa wannan, ba dan maganin jabu bane, ba nasa bane kawai. Na tambaya toh ya aka yi na samu sauƙi a can? Ya ce sau da yawa ƙwaya fiye da ɗaya ce ke shiga ciwo irin wannan, an kashe mai yaɗuwar, wannan kuma ya samu lungu ya zauna. Ya duba cikin masu S ya zaɓi dokzisaikilin, safe da yamma, da ruwa kofi cike, kar in kwanta da na sha, kuma kar in haɗa shi da madara ko fura da nono a lokaci ɗaya dan suna hana shi shiga jiki.

Wannan takardar ta lab ita ce abin da na fi so mutane su sani. Kuɗin gwajin bai kai abin da mutum ke kashewa yana zagaya kemis ana canza masa kafso ba, yau ja da yalo gobe wani, kowa na cinta. Raina na ɓaci in na tuna sau nawa na sayi irin waɗannan magungunan dan mura ko ciwon ciki na sha kwana biyu na ajiye, haka muke koya wa ƙwayoyin nan yadda za su gagare mu.

Abin da ya fi ƙona min rai kuma ba ƙafata bace. Ina cikin zuwa wanki sai autarmu 'yar shekara shida ta fito da maruru a cinya, bayan kwana kaɗan mamansu ta fito da nata a hammata. Da farko cewa aka yi zafi ne. Na gaya wa likita ya ce in kawo su. Tawul ɗaya muke goge jiki, soso da sabulu ɗaya a banɗaki, yarinyar kuma tunda na dawo a gadona take kwana dan ta yi kewata. Ni na kawo musu. Ya ce in daina ɗora wa kaina, haka ƙwayar take bin gida, amma sai an yi wa kowa lokaci ɗaya in ba haka ba za ta yi ta zagaye. An buɗe na yarinyar, kukan da ta yi har yau yana kunnena, kuma ba a ba ta irin maganina ba dan ba a cika ba yaran da ba su kai shekara takwas ba saboda haƙora. Sannan gaba ɗaya gidan muka yi kwana biyar muna shafa man mufirosin a cikin hanci safe da dare, muna wanka da ruwan wankan kulohekzidin, kowa da tawul ɗinsa da sosonsa, zanin gado da ruwan zafi a shanya a rana a goge, farce a yanke, ciwo kullum a rufe. Hajiya ce ta tsaya a kan wannan tsayin daka, har takarda ta liƙa a ƙofar banɗaki tana sa alama. Tun daga nan ba wanda ya sake fitowa da shi.

Ramin ƙafata sati bakwai ya ɗauka kafin ya rufe, kuma ma'aikacin da ke min wanki ya lura duk satin da sugana ya sauka naman ya fi cikowa. An min gwajin da ke nuna sugan wata uku ya nuna 9.4, alhali daga 6.5 ake cewa mutum na da ciwon. An ɗora ni a kan maganin suga metfomin, na rage tuwo da shinkafa, lemon kwalba kam na bari gaba ɗaya. Akwai wani gwaji da suka min da wani siririn zare kaman na kamun kifi, ka rufe ido ana taɓa tafin ƙafarka ka ce eh in ka ji, wurare uku a dama biyu a hagu banji komai ba. Likita ya ce wannan ba lallai ya dawo ba, abin da za a iya shine a hana shi ƙaruwa, dan haka tunda ƙafar ba za ta gaya min ba ido ne zai riƙa gaya min. Kullum bayan isha'i ina zama da fitilar waya in duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in shafa mai a diddige, kuma ko tsakar gida ba na takawa ba takalmi.

Ƙanina ne zai tafi Umra kwanan nan. Na saya masa silifas biyu masu kaurin ƙasa na ce ya fara sawa tun yanzu su saba da ƙafarsa, ɗaya a ƙafa ɗaya a 'yar jakar baya duk inda zai shiga, da man shafawa mara ƙamshi, filasta, auduga, ruwan wanke ciwo, reza tasa ta kansa dan aski, da biro. Na ce in bororo ya fito kar ya fasa, ya wanke ya rufe, in ya ga kumburi da zafi ya zagaye da biron ya nufi likita a ranar. Da ƙyar ya yarda muka je awon suga dan cewa yake shi lafiyarsa ƙalau, na ce nima haka na ce. An auna shi da safe bai ci komai ba ya nuna ya ɗan haura, likita ya ce ya dawo ranar Litinin a sake, ni zan kai shi da kaina.